Daga Barbara Zuwa Sarƙa: Nazarin Cizon Wani Karen Gadi a Damagaram

A wata safiya ta watan Mayu, lokacin da famfunan unguwanni da yawa na Damagaram suke yin kwanaki ba su ɗiga ba, wani ɗan ga-ruwa ya turo kurarsa cikin gidan wani ɗan kasuwa a sababbin unguwannin bakin gari, inda gidaje suke tashi a tsakanin duwatsu. Ya fi shekara yana kawo ruwa gidan, ya san inda tanki yake, ya kuma san iyakar inda sarƙar karen gidan take kaiwa, domin zirga-zirgar karen ta riga ta zana wannan iyaka a ƙasa kamar bakin kwarya. Ya sunkuya zai sauke bido na uku ke nan sai ƙarfen da aka kafe sarƙar da shi a bango ya tumɓuke. Karen ya cafke shi a damtse ya kayar, ya sake kama shi a cinya, bai kuwa cika shi ba sai da mai gadi ya sheƙa masa ruwan bido a ka.

Aikina kula da lafiyar dabbobi ne, mafi yawansa kuma a kan awaki da tumaki da shanu yake, amma cikin ƴan shekarun nan kiran da ake yi mini saboda manyan karnukan waje sai ƙaruwa yake yi. A wannan rana mai gidan ya kira ni a waya yana cewa, "Malam, ka zo ka duba karen nan, in hauka ya kama shi a harbe shi kafin azahar." Na tambaye shi inda wanda aka ciza yake, ya ce yana zaure, ana neman almakashi a yanko gashin karen a ƙona a barbaɗa masa a ciwon. Na roƙe shi da a bar maganar gashi, a samo sabulu da ruwa a yi ta wanke raunin har na tsawon minti 15 ba tare da tsayawa ba, kada a ɗaure shi tamau, sa'an nan a wuce da mutumin asibiti. Na sakaya sunan kowa a wannan rubutu, domin abin da nake son a duba shi ne yadda aka yi har aka kai ga wannan safiya, tun daga ranar da aka haɗa uwar karen da ubansa.

Abin da aka fara yi

Wanke rauni da sabulu shi ne mataki na farko a duk cizon kare, saboda ƙwayar cutar haukan kare a cikin yawu take, sabulu kuma yana lalata ta tun ba ta kai ga jijiya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe mutane kimanin 59,000 kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Takan yi wata biyu ko uku a jiki ba a ga komai ba, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara, amma da zarar alamunta sun bayyana sai dai a yi ta addu'a. Saboda haka ba a jiran a ga abin da zai faru. A asibiti an sake wanke raunin, an yi wa mutumin allurar tetanus, aka kuma fara masa jerin allurar rigakafin haukan kare a ranar, ba a ɗinke cizon cinyar nan take ba don kada a rufe ƙwayar cuta a ciki.

Game da karen kuwa, na hana a harbe shi. Karen da yake fitar da ƙwayar cutar a yawunsa ranar da ya yi cizo ba ya wuce kwana goma bai nuna alama ba, shi ya sa ake tsare shi a yi ta lura da shi. Tsarin da likitocin dabbobi na ƙasashen da ke aiki da Faransanci suka saba da shi kwana 15 ne, ana duba shi a ranar farko da ta bakwai da ta goma sha biyar. In aka kashe shi aka jefar da gawar a bayan gari, an jefar da shaidar da za ta kwantar wa wanda aka ciza hankali, sai fa idan za a aika da kan zuwa ɗakin binciken dabbobi na Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, cikin ƙanƙara. Na nemi katin allurar karen. Aka kawo mini wata takarda mai hatimi guda ɗaya, wadda ta nuna an yi masa allura yana ɗan mako biyar, babu sunan maganin, babu sa hannun da za a iya karantawa. Allurar haukan kare ba a yin ta sai kwikwiyo ya kai wata uku, don haka na ɗauka cewa ba a taɓa yi masa ita ba.

Da na shiga wurinsa na tarar da baƙin kare mai ja-ja a gira da ƙirji da ƙafafu, irin da ake kira Rotwaila, ɗan wata 16, yana kwance a wani keji na ƙarfe mai rufin kwano. Yana haki kamar zai shiɗe, harshensa ya zubo, kwanon ruwansa a kife. Wuyansa ya yi kanta inda sarƙa take gurzarsa, kunnuwansa cike da kaska, dasashinsa ya yi fari-fari. Da ya ga na matso sai ya ja da baya har ya manne da kusurwa, ya kwantar da kunnuwa, ya kawar da kai yana kallona ta gefen ido, sa'an nan ya fara gurnani. Da ya miƙe na lura cewa da ƙafafun gaba yake jan jikinsa, na baya kuma yana ɗaga su tare kamar zomo. Waɗannan abubuwa biyu, wato tsoro da ciwon kwatangwalo, su suka sa na ce da Alhaji mai gidan ina son ganin inda aka haife shi.

Gidan da aka haife shi

Mai kiwon saurayi ne da bai kai shekara talatin ba, mai ladabi, mai son karnukansa bakin fahimtarsa. Ya sayi kwiyakwiyi biyu, mace da namiji, daga hannun wani mai kawo kaya daga Kano, a rana ɗaya kuma cikin kwali ɗaya, wanda hakan ya nuna cewa ƴan ciki ɗaya ne. Da karyar ta fara neman barbara tana wata goma, sai ya bar ta da ɗan'uwanta. Bayan kwana 63 ko kusa da haka, wanda shi ne tsawon cikin karya, ta haifi tara a cikin hunturu. Da ta sake nema a farkon damina ya sake barin su, haka ma a hunturun da ya biyo baya. Ranar da na gan ta ba ta cika shekara biyu da rabi ba, amma ta yi haihuwa uku, haƙarƙarinta duk a waje, nonuwanta sun zube, gashinta ya yi ƙura-ƙura, tana shayar da ragowar kwiyakwiyi biyu na haihuwar ƙarshe.

Kuskuren farko haɗa wa da ƙanwa ne. Duk makiyayin da ya san aikinsa yana canja rago ko bunsuru a garke bayan ƴan shekaru, ko da bai san lissafin abin ba. Lissafin kuwa shi ne, ƴaƴan da aka samu tsakanin ƴan ciki ɗaya, ko tsakanin uba da ƴarsa, a kashi ɗaya cikin huɗu na halittarsu abu guda suke gada ta wajen uwa da ta wajen uba, don haka duk wata naƙasa da take ɓoye a cikin jinin gidan sai ta samu ƙofar fitowa. Kuskure na biyu shi ne gaggawa. Babbar karya ba ta gama gina ƙashinta sai ta doshi shekara biyu, kuma a makonni na uku da na huɗu na shayarwa tana buƙatar abinci ninki biyu zuwa uku na abin da ta saba ci, ko ma fiye idan ƴaƴan suna da yawa. Wadda ake ciyarwa da tsaki da ɗan abin da aka samo daga mahauta, daga jikinta take cirowa ta ba ƴaƴanta, kafin ta mayar kuma an sake ɗora mata wani cikin.

Kuskure na uku shi ya fi damuna, domin shi ne ya isa har damtsen ɗan ga-ruwa. Uban kwiyakwiyin yana tsare a wani ɗaki, kuma mai shi da kansa ba ya shiga sai da sanda a hannu. Ya gaya mini, cikin alfahari, cewa masu saye sukan nemi a nuna musu uban, in suka ji yadda yake dukan ƙofa sai su ce lalle wannan iri ne na gaske. Na tsaya na ɗan lokaci ina kallonsa ta taga, na ga irin ja da baya da kallon gefen idon da na gani a wurin ɗansa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kare mai ƙarfin zuciya yakan tsaya ya auna baƙo, ya dubi ubangidansa, ya jira abin da za a ce masa. Matsoraci shi ne yake kai hari kafin ya gane wa ke gabansa, kuma wannan ɗabi'a takan bi jini.

Rotwaila sunan garin Rottweil ne ya ɗauka, a kudancin Jamus, inda kakanninsa suke kora shanu zuwa kasuwa suna jan ƴan amalanken mahauta. Namiji yakan kai kilo 50, mace kimanin kilo 42. Masu kiwonsa a can sun san abin da ke hannunsu, shi ya sa ƙungiyarsu ba ta yarda a yi barbara da kare sai an ɗauki hoton ƙashin kwatangwalonsa an tabbatar kan cinya ya zauna daidai a gurbinsa, an kuma gwada halinsa a cikin taron mutane da ƙarar bindiga. A Faransa, dokar 6 ga Janairu 1999 ta sa shi cikin karnukan da ba a fita da su sai da igiya da takunkumi, ba a kuma yarda yaro ya mallake shi ba, daga baya dokar 2008 ta ƙara da cewa sai mai shi ya samu izini. Mu kuwa mun karɓi karen, mun bar sharuɗɗan a inda muka same shi. Na san ba kowane mai kiwo ne a Damagaram zai samu hoton ƙashi ba, amma kowa yana da ido: karen da yake tashi da ƙyar, ko yake gudu ƙafafun baya a haɗe, ko yake tsoron inuwarsa, bai kamata ya zama uban kowa ba.

Sai maganar sayarwa. Mai kiwon yana ɗaukar hoton kwiyakwiyin ya sa a WhatsApp tun idanunsu ba su gama buɗewa ba, yana mako biyar kuma ya miƙa kwikwiyo ga wanda ya riga biya, saboda daga nan ne suke fara cin abinci sosai, kowane kwana kuma asara ce a wurinsa. Amma tsakanin mako na biyar da na takwas ne kwikwiyo yake koyon iyakar cizo: in ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi, wancan ya yi ƙara ya bar wasan, in ya matsa wa uwar ta danne shi. Wanda aka raba da su kafin wannan makaranta yakan girma bai san ƙarfin bakinsa ba. Cikin taran farko, huɗu sun mutu a gidajen masu saye da amai da gudawar jini, alamun cutar parbo, wadda Rotwaila yake cikin irin da ta fi yi wa illa. Ƙwayarta takan yi watanni da rai a cikin ƙasa, ruwan jabel na wanke farin kaya ne yake kashe ta, kariyarta kuma jerin allura ce da ake farawa daga mako shida zuwa takwas, a riƙa maimaitawa har mako 16. Allura guda a mako na biyar, da maganin da ba a san ko ya kwana cikin sanyi ba a garin da wuta take yawan ɗaukewa, kusan daidai take da babu.

Gidan da ya girma

Alhaji ba mugun mutum ba ne, kuma dalilinsa na sayen kare dalili ne mai ƙarfi, domin sau biyu ɓarayi suna haura masa katanga suna kwashe kayan shago da yake ajiyewa a gida. Wani abokinsa ya nuna masa hoton, ya biya, aka kawo kwikwiyon a kan kabu-kabu. Makonnin farko yara suna wasa da shi, amma da ya fara girma yana tsalle yana yaga musu tufafi, uwargida ta ce ba za ta zauna da shi a tsakar gida ba, ga alwala ga kwanukan abinci. Aka mayar da shi bakin ƙofa, aka damƙa shi ga mai gadi, dattijon da ya haura sittin, wanda bai taɓa riƙon kare ba, yana kuma jin tsoronsa. Da na tambaye shi yadda yake ba shi abinci sai ya ce, "Ɗana, da doguwar sanda nake tura masa kwanon, in ya gama in jawo." Wata goma ke nan babu hannun ɗan Adam da ya taɓa karen nan da alheri.

Daga mako na uku zuwa kusan na goma sha biyu na rayuwarsa, kwikwiyo yana karɓar duk abin da ya gani a matsayin abin duniya na yau da kullum: mai rawani, mace mai lulluɓi, almajiri da kwanonsa, jaki, akuya, ƙarar babur, kurar ga-ruwa. Abin da bai saba da shi ba a wannan lokaci, daga baya da zargi yake kallonsa. Wannan kare kuwa abin da ya sani game da mutanen waje shi ne duwatsun da yaran unguwa suke jefo masa ta kan katanga don su ji haushinsa. An kuma ba Alhaji shawarar da na sha ji a garin nan, cewa a tsare shi kada ya saba da kowa, a riƙa zuba masa barkono a abinci don ya yi zafin rai. Barkono ba ya ƙara wa kare jarunta, cikinsa kawai yake ƙonawa. Sarƙa kuma tana hana dabba abin da kowace dabba take fara yi idan ta tsorata, wato gudu, sai ya zama ba ta da sauran dabara sai haƙori. Kullum ɗan ga-ruwa yakan shigo da kura mai ƙara, karen ya yi ta haushi yana fizgar sarƙa, mutumin ya gama ya fita, a tunanin karen kuwa haushinsa ne ya kore shi. Wata da watanni ana maimaita masa wannan darasi, kowace fizga kuma tana sassauta ƙarfen da ke bango.

Abincinsa ragowar tuwo ne da shinkafa da miya, wani lokaci da ƙasusuwan kaza. Albasar da take cikin kowace miyarmu tana fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare idan ta taru, dafaffen ƙashi kuma yana tsagewa ya huda hanji. Kwikwiyon babban iri yana ninka nauyinsa sau da yawa cikin shekara guda, saboda haka abincin da ba shi da isasshen nama da sinadaran gina ƙashi a daidai gwargwado yana ƙara tsananta naƙasar kwatangwalon da ya gada. Ga kuma zafi. Kare ba ya gumi sai ɗan kaɗan ta tafin ƙafa, da haki yake fitar da zafi, kuma zafin jikinsa na lafiya digiri 38 zuwa 39 ne, in ya haura 41 rayuwarsa tana cikin haɗari. A watannin Afrilu da Mayu zafin Damagaram yakan kai 40 a inuwa har ya wuce, balle a ƙarƙashin kwano, ga baƙin gashi. Kare mai kilo 50 yana buƙatar kusan lita uku ta ruwa a ranar da babu zafi, a bazara kuma ninkin haka, a gidan da kowane bido saye ake yi. Na tabbata ƙishirwa tana cikin abin da ya sa idonsa yake kan bidunan nan a safiyar da abin ya faru.

A nan akwai abin da ya wajaba in faɗa game da kaina. Wata shida kafin cizon na shiga gidan don duba ragunan Alhaji, na ga karen a ɗaure, na ga kwanon a bushe, na ce a ƙara masa ruwa, na wuce. Da na zauna da mai gidan na minti goma na gaya masa inda wannan hanya take kaiwa, mai yiwuwa da ya saurara. Ban yi ba, saboda ba don kare aka kira ni ba, kuma wannan shiru yana cikin abubuwan da suka kai mu ga watan Mayu.

Zaman sulhu

Kwana uku bayan cizon aka zauna a zauren mai unguwa, da Alhaji, da yayan wanda aka ciza, da limamin unguwa, ni ma aka gayyace ni. Da farko Alhaji ya ce tsautsayi ne, tunda karen a ɗaure yake, kuma shi mai gadi ya kamata ya lura da ƙarfen. Dattijon ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba. Yayan ɗan ga-ruwa ya ce da mai unguwa, "Ranka ya daɗe, ƙanena da hannunsa yake ci, da ƙafarsa yake turi, yanzu kuma bazara ce, lokacin da muke samun abin da za mu kai gida kafin shuka." Na bayyana musu cewa dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa tana ɗora alhakin ɓarnar dabba a kan mai ita, ko tana tsare ko ta kuɓuce, kuma ba daidai ba ne a juye nauyin a kan mutumin da aka damƙa wa abin da ba a koya masa riƙonsa ba.

Liman ya yi bayanin da ya fi nawa shiga zuciyar mai gidan. Ya kawo hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito cewa wanda ya riƙi kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa lada kowace rana, ya kuma ce malaman Malikiyya da dama sun sa gadin gida cikin buƙatun da aka yarda da su, har ya ambaci Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya ajiye kare lokacin da katangarsa ta faɗi. Daga nan ya kawo hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ya ce izinin riƙo tare yake tafiya da haƙƙin ci da sha da inuwa, da kuma haƙƙin maƙwabci da baƙo. Alhaji ya ɗauki nauyin magani gaba ɗaya, da kuɗin abincin iyalin mutumin har ya koma aiki, aka yi fatiha a kan haka.

Karen ya cika kwana 15 lafiya, aka yi masa allurar haukan kare da sauran, aka yi maganin kaska da tsutsar ciki. Farin dasashinsa ya sa na yi zargin ciwon jinin da kaska take ɗauka, na ba shi magani na mako huɗu, ya kuwa murmure. Saura tambayar inda zai zauna. Na gaya wa Alhaji gaskiya cewa gidan da ga-ruwa da almajirai da yaran maƙwabta suke shiga kullum ba wurin wannan kare ba ne, ko da an sake kafa ƙarfe mai kauri, kuma idan ba a samu wanda zai iya da shi ba, kashe shi ta hanyar allura ba tare da azaba ba ya fi adalci a kan mayar da shi sarƙa. Aka yi sa'a yana da garka mai katanga a wajen Miriya, mai kula da ita kuma tsohon mafarauci ne da ya yi shekaru da karnuka. Aka yi wa karen fiɗiya, ba don ita take gyara hali ba, sai don kada tsoro da naƙasar da ya gada su wuce zuwa wasu. Tsohon mafaraucin ya yi mako biyu yana zama nesa da shi yana jefa masa ƴan guntayen nama ba ya kallonsa, har ya kai ga ci a hannunsa, sa'an nan ya koya masa sa baki cikin takunkumi da kansa. Yanzu da rana yana kwance ƙarƙashin mangwaro kusa da rijiya, da dare a sake shi cikin katanga, idan za a yi baƙi kuma a rufe shi tun kafin su iso. Har yanzu ba karen da za a bar yaro kusa da shi ba ne, kuma ba na jin zai taɓa zama haka.

Alhaji ya tambaye ni wane iri zai saya a madadinsa. Na ce ya fara ɗaga katanga ya sa fitila, in kuma lalle sai kare, ya dubi na ƙasarmu. Karnukan da Fulani da Buzaye suke yawo da su, har da Azawak mai dogayen ƙafafu wanda nauyinsa bai wuce kilo 15 zuwa 25 ba, jikinsu ya saba da wannan rana da wannan ƙarancin ruwa, kunnensu ba ya barin motsi ya wuce, kuma abin da mai gida yake buƙata daga karen gadi shi ne ya tashe shi daga barci. Ya ce zai yi tunani, ko da yake na lura cewa ƙwarjinin baƙin karen a idon abokansa yana cikin abin da ya saya tun farko.

Da mai kiwon kuwa abin bai zo da sauƙi ba. Ya ce sana'arsa ce, masu saye kuma su suke neman mai zafi, in ya riƙe kwikwiyo har mako takwas da cikakkiyar allura sai ya ƙara kuɗi, su kuma su tafi wurin wani. Akwai gaskiya a maganarsa, domin muddin mai saye ba ya neman ganin uwar, ba ya tambayar dangantakarta da uban, ba ya karanta katin allura, mai kiwon kirki ne zai riƙa faɗuwa a kasuwa. Duk da haka ya yarda da abu uku: ya raba karyar da ɗan'uwanta ta huta aƙalla shekara guda, ya riƙe kwiyakwiyi biyun da suka rage har su kammala allurarsu, ya kuma riƙa rubuta sunan kowane mai saye da lambarsa a littafi, da alkawarin karɓar kare idan mai shi ya kasa. Fiɗiyar uban ce ya ƙi, ya ce sai ya mayar da kuɗinsa.

Mun yi ƙoƙarin bin sawun sauran. Cikin biyar da suka rayu daga haihuwar farko, ban da na Alhaji, ɗaya yana wani gidan a Sabon Gari yana jan ƙafar baya, ɗaya ya mutu a bazarar farko a kan rufin bene inda aka ɗaure shi, biyu kuma an ce an kai su Tanut da Magarya, lambobin masu su ba sa shiga. Na haihuwa ta biyu su bakwai ne, mai kiwon bai iya tuna inda huɗu daga ciki suka tafi ba, kuma yanzu duk sun haura shekara.

Ɗan ga-ruwa ya koma aiki bayan mako bakwai, damina ta riga ta sauka, kuɗin ruwa ya faɗi. Yatsunsa biyu na hannun dama ba sa damƙewa sosai, don haka da hagu yake ɗaga bido. Yana ci gaba da kai ruwa unguwar, amma duk gidan da ya ji haushi a ciki, a bakin ƙofa yake tsayar da kurarsa ya yi sallama, ya sauke bidunan a nan, ƴan gida su shiga da su.